Dajin da Aka Dasa da Zarto

Duk wanda ya taɓa sayen azara ko katako a kasuwar Tawa ya san Attahiru, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mutum ne da in ya je Konni sayen ƙusa, sai ya dawo yana ba da labarin Abijan. In ka ce kakanka ya taɓa ganin zaki, shi nasa kakan a kan zaki ya je ɗaurin aure. Rumfata tana kallon tasa, ni kwanon rufi nake sayarwa, saboda haka Allah ya jarrabe ni da jin kurinsa daga hantsi zuwa la'asar shekara da shekaru. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Bakinsa ne kawai ya fi ƙarfinsa.

A shekarar da Sarkin Katako ya rasu, dattawan layinmu suka rasa wanda za su naɗa tsakanin Attahiru da Muktari. Muktari yana da kai, amma magana tsada take yi masa, in kuwa ya yi ta sai ta yi ƙaiƙayi. Attahiru kuwa tun ba a yi sadakar bakwai ba ya fara tafiyar sarakuna, yana amsa gaisuwa da hannu ɗaya. Rawanin nan ya shiga ransa har ya hana shi cin abinci, ko da yake matarsa ta ce ita ba ta ga alamar hakan a kwano ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga wani furoje, irin shirin nan na raya ƙasa, ya sauka, zai gina azuzuwan lakwal, wato makarantar boko, a wajen Barmu da Affala. Sandunan rufi za su saya masu yawa, amma da sharaɗi: ba su karɓar icce sai mai tambari. Tambarin nan shaida ce cewa an saro iccen daga dajin da ake kula da shi, inda in an sare ɗaya ake dasa wani, ba inda aka yi wa ƙasa ƙwal-kwabo aka gudu ba. Mu kuwa katakonmu mota ke kawowa daga kudu, ko direban bai san uwar da ta haifi katakon ba. Sai Alhaji Sulaiman, wanda ya fi kowa shekaru a layin, ya yanke magana: duk wanda ya kawo wa layinmu tambarin nan, shi za a naɗa.

Muktari ya ce ya san wasu mata a gefen Barmu da ke da gandun dogonyaro, zai je ya zauna da su a ga yadda za a yi. Attahiru ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ka tahi ka yi ta zama da mata. Ni daji gare ni, nawa na kaina!"

"Daji?" in ji Muktari. "Ina?"

"Gonad da nig gada, can bayan Affala."

"Gonag ga da ko ƙadangare in za shi ratsa ta sai ya ari laima?"

Layi ya ɗauki dariya, domin kowa ya san tun shekarar da ubansa ya rasu Attahiru ya sare duk gawon da ke cikin gonar ya sayar. Amma mutumin naku ko gezau.

"Kai dai ba ka tahi kwanan ga ba. Yanzu in ka shiga da rana tsaka sai ka kunna tocila. Shekaran jiya wani Bahillace ya ɓace ciki da shanu nai, har yanzu nema aka yi."

A lissafinsa tambari abu ne da ke kwance cikin durowa, sai wanda ya iya gaisuwa. Washegari ya ɗauki ƙullin kilishi da cuku, ya hau kabu-kabu sai biron furoje, wato ofishinsu. A can ya tarar da mai duba dazuzzukan, wata Madam Kadidiya, doguwar mace mai tabarau wadda dariya ba ta cikin aikin da aka ɗauke ta. Ya ajiye ƙullin bisa tebur, ya ce a buga masa tambari ya wuce, sauri yake yi.

"Mushe Attahiru, tambari ba a sai da shi, ba a kuma musanya shi da kilishi," in ji ta, da Mushen nan na masu Faransanci, wato Malam. "Sai na ga dajin da idona. In ga iccen, in ga mai ban-ruwa, in ji bakin maƙwabta."

"Madam, da nisa. Hanya duk rairayi."

"Motarmu ta saba. Jibi da sahe."

Ta miƙa masa ƙullinsa. Wani in ya ji haka sai ya koma gida ya kwanta ya ce zazzaɓi ya kama shi. Attahiru kuwa ya dawo kasuwa ya shelanta cewa Madam ta roƙe shi ya bar ta ta ga dajin, shi kuma ya tausaya mata. Ya gayyaci dattawa gaba ɗaya, har da Muktari, ya ce kowa ya zo ya kashe ƙwarƙwatar idonsa.

Dabarar da ta zo masa ita ce wannan: tunda icce ba ya girma cikin kwana biyu, sai a samo wanda ya riga ya girma. Ya yi hayar kamyo, babbar motar kaya, ya kwashi 'yan dako daga tasha, ya ɗora musu zarto da gatari da diga, suka nufi ƙauyensu. Ya kuwa taki sa'a, ranar kasuwar Barmu ce, gari ya watse, ba kowa sai tsofaffi da kaji. Ya tsaya a tsakiyar gari yana nuni da sanda kamar kwamandan soja. Dogonyaron bakin rijiya, a sauke rassansa. Na majalisar dattawa, a sauke. Wanda Ciɗo mahauci yake yanka a ƙarƙashinsa tun yana saurayi, shi ma a sauke. Duk reshen da ya kai tsayin mutum da rabi a jefa shi mota, a kai gona, a haƙa rami, a kafa, a taka ƙasa.

Da suka iso ƙofar gidan yayarsa Raƙiya sai suka tarar da ita zaune a gindin nata dogonyaron, taɓarya kwance bisa cinya.

"Yaya, ina wuni? Ɗan aski za mu yi mai."

"Wanda duk yat taɓa iccen ga, ni zan yi mai aski da wagga," ta ɗaga taɓaryar. "Attahiru, mi kaka yi haka? Haukan birni na?"

"Ilimi na, Yaya. Ba ki ganewa."

"To, mai ilimi, ka ji shelad da anka yi jiya?"

"Ni da nika sauraren rediyon ƙasashen waje, shelar ƙauye za ki hwaɗa min?"

"Gobe hwa..."

"Gobe ta Allah ta! Ku mu tahi, yara."

Raƙiya ta bi shi da kallo, ta taɓe baki, ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Abin da take son gaya masa kowane yaro a ƙasarmu ta Adar ya san shi. In kaka ta ƙare, kowa ya kwashe hatsinsa ya kai rumbu, hukuma takan sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar, in dabba ta shiga gona mai ita ya biya ɓarna. Daga ranar kuwa gona ta zama ta dabbobi, makiyayan da suka yi damina a arewa su gangaro su ci kara da harawa, su bar wa manomi taki. To, gobe ce ranar. Attahiru rabonsa da riƙe hauya tun yana da gashin kai, ina zai tuna?

Da yamma mutanen gari suka dawo daga kasuwa suka tarar da itatuwansu tsaye tsirara, kututture kawai. Ciɗo ya zagaya nasa yana salati. Kafin ihu ya tashi Attahiru ya hau bayan kamyo ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Askin zamani na. Madam ta furoje ita tac ce a yi, don icce shi sha iska. Gobe tana zuwa, mai tambaya shi tambaye ta."

A tunaninsa ba ɗan ƙauyen da zai iya tsayawa gaban mace mai tabarau da mota ya buɗe baki. Ya manta cewa mutumin da aka raba da inuwarsa ba ya jin kunyar kowa.

Rana ba ta ƙarya. Da hantsi muka taso daga Tawa, Madam a gaba cikin farar motarta tare da wani ma'aikacin gandun daji mai koren kaki, mu kuma a baya cikin a-kori-kura: Alhaji Sulaiman, Muktari, ni, da sauran masu son ganin ƙwaƙwaf. Attahiru yana jiranmu a bakin gona cikin babbar riga mai aiki, da makaɗi a bayansa. A hammatarsa ga sabon farin rawani a naɗe, ya sayo da kansa, wai don kada dattawa su wahala, a yi naɗin nan take cikin inuwar daji.

Zan faɗi gaskiya: daga nesa abin ya ba mu tsoro. Kore shar, layi-layi, a wurin da muka sani fili fetal. Alhaji Sulaiman ya cire tabarau ya goge ya mayar. Muktari ya tura hula ƙeya ya ƙura wa wurin ido. Ni kaina sai da na ce a raina, ko dai mun daɗe muna zaluntar bawan Allahn nan? Makaɗi ya saki kalangu, Attahiru ya buɗe hannuwa.

"Madam, barka da zuwa Gandun Attahiru! Ku bi a hankali, akwai namun daji."

Da muka matso sai kore ya fara canza launi. Reshen da ya kwana ba uwa, rana kuma ta fara dukansa, me ake jira? Ganye duk ya yi laushi ya rataya kamar kunnen tunkiya. Madam ta kama ɗaya ta murza.

"Mi yas sa sunka yi yaushi haka?"

"Kunya, Madam. Iri na daga Indiya. In sun ga baƙo sai su sunkuyar da kai. Kina juya baya za su miƙe."

"Shekarassu nawa?"

"Uku. Waɗancan na baya huɗu, su ne manya."

"Da mi kaka ba su ruwa? Ban ga rijiya ba."

"Raɓa, Madam. Na horar da su."

Ma'aikacin gandun daji ya juya baya yana tari, irin tarin da kafaɗu ke rawa. Muktari kuwa ya fara dawowa hayyacinsa, har ya gyara hula. Iska ta ɗan kaɗa, sai wani icce da ke gefen hanya ya karkata sannu a hankali ya kwanta a gaban Madam. Attahiru ya yi tsalle ya tare gindinsa da babbar riga.

"Kin gani? Gaisuwa yaka yi. Tashi, ya isa, ta amsa!"

Ya ɗaga shi ya jingina da bayansa, ya tsaya nan yana murmushi yana bayani da hannu ɗaya. Da Madam ta ce su ƙarasa ciki, ya ce ta yi gaba, shi yana ɗan duba lafiyar wannan. Ta yi gaba kuwa, ta tsaya gaban wani reshe mai kauri, ta ɗaga kai. A jikinsa ga wata tsohuwar ƙugiyar ƙarfe, baƙa wuluk da maiƙo, ta nutse cikin ɓawo, ƙudaje na zagaya ta.

"Wagga hwa?"

"Ta awon ruwan sama ta," in ji Attahiru daga inda yake jingine. "Nan nika rataya gwangwani."

"Ruwan saman naku da kitse yaka zuwa?" in ji Muktari.

"Kai ba ka san kimiyya ba, ka yi kurum."

A nan ne muka ji kukan raƙumi. Muka waiwaya arewa, sai ga su suna gangarowa daga tudu, raƙuma birjik, awaki na biye, makiyayinsu bisa wani farin amale yana tafe ba gaggawa. Sunansa Aghali, duk shekara nan yake sauka. Dabbobin nan sun yi kwanaki suna tafiya cikin busasshiyar ciyawa, yau an saki gonaki, ga kuma koren ganye an jera musu daidai tsayin baki. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Raƙumi na farko ya miƙa wuya ya cafki kan wani icce ya ja. Da icce ne na Allah, da ganye zai tsinko. Wannan kuwa sai ya taso gaba ɗaya daga rami, raƙumin ya ɗaga shi sama ya wuce da shi yana tauna, gindin yana lilo a iska, fari tas, da sawun zarto. Ya bi ta gaban Madam da shi kamar an aike shi ya nuna mata.

Makaɗi ya tsaya da kiɗa. Madam ta cire tabarau.

"Mushe Attahiru, ina saiwa tai?"

"Shi ke nan, kin gano sirrin! Sabon iri na, maras saiwa. Saiwa ita ka shanye ruwan ƙasa, shi ya sa Turawa sunka cire ta. In gonag ga ta gaji sai ka ɗauke dajin ka kai wata."

Bai rufe baki ba sauran raƙuman suka shigo. Wannan ya ɗauki ɗan shekara uku, wancan ya ɗauki ɗan shekara huɗu, awaki suka hau waɗanda suka faɗi. Attahiru ya saki iccen da yake tokare da shi, ya faɗo masa a ka, ya ture shi, ya ruga cikin garke yana kaɗa babbar riga yana ihu. Wata taguwa ta dube shi sama da ƙasa, ta fesa masa abin da ke bakinta a ƙirjin rigar, kore shar, ta ci gaba da kiwo. Ya yi kan Aghali ya kama ragamar amale.

"Ɓarna! Kun gani, ku ne shaidu! Ya cinye min daji! Sai ka biya ni, icce-icce!"

Aghali ya sunkuyo daga bisa, ya ɗan sassauta rawaninsa daga baki.

"Lahiya, aboki? An saki gonaki yau. Ba ka ji shela ba?"

"Wagga ba gona ba ta, gandu na!"

"Bara nan nis sauka, ko inda zan ɗaure akuya ban samu ba. Wane malami yay yi maka addu'a? Ka kai ni wurinshi, ina da fili Abalak."

Ana haka sai ga mutanen gari sun ɓullo daga kudu, maza da mata, Maigari a gaba da sandarsa, Ciɗo a gefensa da wuƙar fawa a ɗamara, Raƙiya a baya ta riƙe ƙugu. Ba su ko dubi Attahiru ba, Madam suka nufa. Maigari ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, sannan ya gyara murya.

"Madam, mun zo mu ji laihin da munka yi ma furoje. Iccen majalisa kakana yad dasa shi. Jiya an ce ke kic ce a yi mai aski. Yau tsohohin gari cikin rana sunka sha hura."

"Ni?" in ji Madam. "Ni nic ce?"

Ido ya koma kan Attahiru. Ni da nake kusa da shi na ga zufa ta keto masa daga ƙarƙashin hula, na kuma ji tausayinsa ya ɗan taɓa ni, amma dariya ta fi tausayin ƙarfi. Kafin ya haɗa ƙarya ta gaba Ciɗo ya yi kururuwa, ya ture wata akuya, ya rungumi reshen nan mai kauri.

"Ƙugiyata! Wallahi ƙugiyata ta! Tun sahe nika nema, na rasa inda zan rataya cinya. Ɓarawon inuwa!"

"Ƙugiya ai ƙugiya ta, duk kama su kai," in ji Attahiru. Ya juya wurin Maigari da borin kunya. "Ranka shi daɗe, a bar zancen ƙugiya. Ni ƙara nika kawowa. Raƙuman mutumin ga sun cinye min dukiya, a bi min hakkina."

Maigari tsoho ne da ya yi shekaru yana raba manoma da makiyaya, ba a yi masa gaggawa. Ya dogara da sanda ya dubi gonar, wadda yanzu rabinta ramuka ne.

"To, Attahiru ɗan Abdulrahim, ka san al'ada, ko da yake alama ta nuna ka mance. In an saki gonaki, abin da ad a yashe bisa ƙasa na dabba na, ba biya. Amma icce mai rai, in dabba ta kashe shi, ana biya ko bayan saki. Nuna min saiwa guda cikin gandun ga, in sa Aghali shi biya ka."

"Guda?"

"Guda tak."

Attahiru ya naɗe hannun riga, rawani na nan maƙale a hammata, ya shiga cikin abin da ya rage. Ya kama na farko ya yi kamar yana ja da ƙarfi, sai ya taso masa a hannu kamar tsinken tsire. Ya jefar ya kama na biyu, haka. Na uku ma bai taɓa shi ba ya faɗi da kansa. Yara suka fara rakiyarsa da tafi, makaɗi ya ga abin ya yi daidai da kiɗa ya shiga bugawa. Can a ƙarshen gona ya cafki wata 'yar sabara da ba ta kai gwiwa ba, ya ja, ta ƙi. Ya sake ja, ta ƙi. Fuskarsa ta washe.

"Ga ta! Allahu akbar! Ku zo ku gani, saiwa har ƙasa ta bakwai!"

"Sakam min sabarata," in ji Raƙiya. "Ka wuce iyaka tun can wurin dutsi. Wagga cikin gonata take, ni nib bar ta da nika sassabe."

Dariyar da aka yi a wurin nan har raƙuma sai da suka ɗaga kai. Alhaji Sulaiman, da ba a taɓa ganin haƙoransa a kasuwa ba, ya zauna a ƙasa yana share hawaye.

Daga nan abu ya tafi da sauri. Ma'aikacin gandun daji ya daina tari ya sa fuskar aiki. Ya ce rumfar Attahiru a rufe take har sai ya dasa icce na gaske a madadin kowane reshe, ya kuma raine shi ya kama ƙasa. Ya sa aka tattara duk sandunan da raƙuma suka rage aka loda a mota, domin su ne shaida. Madam ta mayar da tabarau ta ce a rayuwarta ta ga masu sare daji su ɓoye, amma yau ta fara ganin wanda ya sare gari don ya nuna yana son daji. Ta tambayi Muktari hanyar gandun matan nan na Barmu. Alhaji Sulaiman ya tashi ya kakkaɓe riga.

"Muktari, raka Madam. In kun dawo da tambari ka biyo ta gidana, a sa ranar naɗi."

Attahiru ya bi su da kallo. Ya dubi rawanin da ke hammatarsa, ya dubi Muktari yana shiga farar mota, gaba ma ba baya ba. Wallahi a lokacin ya ba ni tausayi na gaske.

Amma Ciɗo bai gama ba.

"Ranka shi daɗe, ni hwa? Na yanka akuya biyu da asuba. Icce sai ya shekara kahin shi yi ganye. Nama cikin rana za shi wuni?"

Maigari ya shafa gemu. Sannan ya nuna hammatar Attahiru da sanda.

"Wanda yas sare inuwa shi ka biyan inuwa. Miƙo ƙyallen ga."

"Ranka shi daɗe, rawani na! Na sarauta!"

"Sarautar ta shiga mota. Miƙo."

Muka ɗunguma cikin gari gaba ɗaya. Aka warware rawanin, ga tsawo ga faɗi, don Attahiru ba ya sayen ƙaramin abu. Aka ninka shi biyu, aka ɗaure gefe ɗaya a kututturen dogonyaron Ciɗo. Sai aka nemi sandunan da za a kafa a ɗaya gefen, aka tuna duk suna cikin motar Madam. Maigari ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi Attahiru, ya ce ai ga dogon mutum nan tsaye ba aikin da yake yi.

Haka muka baro shi da azahar, tsaye a gaban teburin mahauci cikin babbar riga mai koren tambari a ƙirji, hannuwa biyu a sama, yana riƙe da bakin rawaninsa. Ciɗo na ƙarƙashi yana sara nama hankali kwance, mata sun yi layi, wasu ma ba sayen komai suka zo ba. Muna hawa a-kori-kura sai na ji muryar nan da na sani ta dawo, garau kamar ba abin da ya faru.

"Kai, mai kwano! In ka isa Tawa ka hwaɗa ma Muktari, nashi rawani kai guda za shi ruhe. Nawa ga shi ya ruhe mahauci da akuya biyu da jama'ar gari!"

Ciɗo ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ɗaga hannun hagu, ranka shi daɗe. Rana na taɓa hanta."